Takwas ga watan shida

Har yau in na ga an rubuta 08/06 sai gabana ya faɗi.

Ni ɗan Maraɗi ne. Ranar da zan taho Kaduna babu wanda ya yi mini kallon mai zuwa ƙasar waje. Ka ƙetare Ɗan Isa, ka faɗa Jibiya, ka ratsa Katsina, kafin dare ya raba kana tashar Kawo. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya. Amma makon farko da na ce "an ɗauke kuran" sai da duk ofis ya fashe da dariya, don nan wuta suke cewa. Na ce zan hau kabu-kabu, aka ce acaba. Hatta allon rubutun kwamfuta bai bar ni ba: a lakwal, wato makaranta, da na Faransa muka koya, inda A take a mazaunin Q, sai da na yi wata guda ina buga kalmar sirri ana korata.

Aikin kula da kwamfutoci na samu a wani kamfanin rarraba kaya a Kakuri. Kwamfuta sittin da 'yan kai, har da na reshen Zariya. Lasisin tsohuwar manhajar kariya daga bayiros ya ƙare, an sayi sabuwa, Oga ya ce a bi tebur-tebur a cire tsohuwar. Na lissafa, kowace kwamfuta sai ta ci kusan rabin awa, ga mai ita tsaye a kanka yana duba agogo. Sai na ce, "Yallaɓai, a ba ni dare ɗaya." Da ƙarfi na faɗa, gaban mutane. Ina son su san ɗan Nijar ma ya yi karatu.

Kuma aikin na iya shi, wannan ko maƙiyina ya shaida. Irin wannan manhaja ba ta fita da lalama, an gina ta ne don kada ɓarawo ya tumɓuke ta. Sai ka fara shiga uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke juya sauran, ka kashe makullin da ke hana taɓa ta, in ba haka ba umarninka ya dawo maka da kuskure. Daga nan na rubuta jerin umarni a PowerShell: ya leƙa rajistar Windows inda ake ajiye sunayen abubuwan da aka girka, ya duba wuri biyu don tsofaffin manhajoji ɗakinsu daban, ya ɗauko lambar shaidar manhajar, ya miƙa wa msiexec, mai girka manhaja da cire ta a Windows, tare da /x don cirewa, /qn don kada ta tambayi kowa komai, da /norestart don kada kwamfuta ta mutu a hannun mai aiki. Na gwada a kan kwamfuta uku, tsaf. Sai na tura wa kowace kwamfuta saƙon ta yi wannan aiki ranar Asabar, 08/06, ƙarfe 23:00. Sabuwar manhajar kuma na saita ta shiga ranar Lahadi.

Litinin na sa sabuwar shadda.

Tun daga bakin ƙofa na ji hayaniya. Kwamfutoci sun yi nauyi kamar jakin da aka ɗora wa buhu uku. Ka danna fayil, ka je ka yi alwala ka dawo bai buɗe ba. Tsohuwar tana nan daram, sabuwar ta shigo ta same ta, kowacce tana binciken duk abin da ɗayar ta taɓa, kishiyoyi biyu a ɗaki ɗaya. Saura mako guda sallar layya, ana haɗa kuɗin ma'aikata, direbobi sun cika harabar suna jiran takardar fitar kaya.

Sai wajen azahar na gano. Umarnin da ke tsara lokacin aiki yana karanta kwanan wata ne yadda aka saita kowace kwamfuta. Na kamfanin kusan duk a tsarin Amurka aka bar su tun daga kanti, wata ke gaba, rana ke baya. Ni na rubuta takwas ga watan shida, su sun ji shida ga watan takwas. Suna can suna jiran Agusta hankali kwance. Ukun da na yi gwaji a kansu kuwa ni na girka su da hannuna, irin saitin gida na yi musu ban sani ba.

Oga bai yi faɗa ba, kallona kawai ya yi. Wanda ya yi magana wani ne daga sashen kuɗi, yaron da na girme shi da aƙalla shekara biyar. Ya ce, "Ɗan Nijar, ko dai a nemo maka teburin shayi?" Aka yi dariya. Ni ma na yi, me zan yi? Sana'ar shayi ba abin kunya ba ce, kawuna da ita ya aurar da 'ya'ya huɗu, kuma mai shayin unguwarmu a Tudun Wada, mutumin Tasawa, shi ya ba ni tabarma daren da na sauka. Amma na san abin da yaron yake nufi, shi ma ya sani. Wata nawa ke nan, in na kwanta sai maganar ta dawo, in ta shirya amsoshin da ya kamata in ba shi.

Daren nan ban koma gida ba. Na cire kwanan wata gaba ɗaya, na gyara umarnin ya zamo sabuwa ba ta shiga sai ya tabbatar tsohuwa ta fita an sake kunna kwamfuta, kowacce kuma ta rubuto sakamakonta a fayil guda. Da asuba saura bakwai masu taurin kai, su na bi da hannu. Hajiyar da ke riƙe da sito ta aiko mini ƙosai da kunu, ta ce, "Ɗana, ci, kowa ya taɓa zubar da miya." Yaron sashen kuɗi ya buɗe kwamfutarsa ta tashi kamar walƙiya, bai ce uffan ba.

Inna na kira da hantsi. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, "kai" kawai take cewa. Tun da aka rufe iyaka a 2023 hankalinta bai kwanta da zamana nan ba, ko da aka buɗe. Ga naira ta faɗi, jaka guda, wato sefa dubu, ta haura naira dubu biyu, abin da nake aikawa in an canza shi sai ya koma kamar na yi rowa. Ƙanwata ta sake haihuwa ban je suna ba. Ƙanena ya bar lakwal ya kama kabu-kabu, babu wanda ya gaya mini sai a bakin maƙwabci. Na so in ba Inna labarin kwanan watan, na rasa ta inda zan fara.

Ta ce, "Kai, mi ya samu muryarka?"

Na ce mura ce.

Ta ce in sha citta da kanumfari. Sannan ta ce ragon da Baba ya taya jiya, mai shi ya ƙi sallamawa, ko zan iya ƙaro jaka ashirin kafin Alhamis.