Abin da ake dubawa kafin a rufe akwatin giyar injin huɗa

Ƙaramin injin huɗan nan da ake riƙewa da hannu biyu ana bin sa a ƙafa yana ƙara yawa a fadamun shinkafa, daga Kadawa a jihar Kano har zuwa Argungu a jihar Kebbi, kuma yawancin wanda ya kawo shi gareji da matsalar giya buƙatarsa ɗaya ce, wato a cire giyar da haƙorinta ya karye a saka sabuwa ya koma gona. A ganina wannan rabin aiki ne, domin haƙorin giya bai cika karyewa haka kawai ba. Sau da yawa boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sanda take juyawa a cikinsa, shi ne yake fara lalacewa, sandar da giyar take kai ta riƙa rawa, nauyin da ya kamata ya bazu a kan faɗin haƙori ya taru a gefe guda har ƙarfen ya gaji. Wanda ya sauya giya ya bar tsohon boris, ba da jimawa ba zai sake buɗe akwatin.

Binciken yana farawa ne tun kafin a kwance noti ko ɗaya. A tsiyaye man giyar a cikin kwano mai tsabta, a dube shi a cikin haske. Idan ya yi fari-fari kamar shayin da aka zuba wa madara, ruwa ya shiga, abin da ba baƙo ba ne ga injin da yake yini a cikin taɓo, kuma wannan yana nufin za a tarar da tsatsa a cikin boris. Garin ƙarfe mai laushi da ya manne a maganaɗisun murfin tsiyaye mai ba abin tsoro ba ne, amma gutsattsarin da yatsa zai ji kaifinsu daga haƙori ko daga boris suka fito. Ƙyalli mai ruwan zinare kuwa tagulla ce take cinyewa.

Wajen kwancewa, a shimfiɗa kwali a jera kayan yadda suka fito, ko a zura su a waya ɗaya bayan ɗaya, a kuma ɗauki hoto da wayar hannu. Sirararan washoshin da suke bayan boris su ne yaran gareji suka fi rainawa, alhali da su masana'anta ta saita tazarar da ke tsakanin giya da giya.

Bayan an wanke giya da kananzir, a fita da ita rana a bi haƙoran ɗaya-ɗaya da farce. Fuskar haƙori mai lafiya tana sheƙi daidai daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙananan ramuka a tsakiyar haƙori alamar gajiyar ƙarfe ce, kuma da zarar sun fara ba sa tsayawa. Karce da ya bi tsayin haƙori daga gindi zuwa kai yana nuna cewa mai ya yi ƙaranci ko ya tsinke. Idan kuwa gefe ɗaya kaɗai ya goge, ɗayan yana nan kamar ba a taɓa shi ba, to laifin yana ga sandar ko ga boris. Giya biyu da suka daɗe suna cizon juna tare ake sauya su, ko da mai injin zai yi ƙorafin kuɗi, saboda tsohuwar takan cinye sabuwar.

Shi boris, a wanke shi, a ɗiga masa mai kaɗan, a riƙe zoben ciki da yatsu a juya na waje a hankali kusa da kunne. Idan ana jin gargada ko wani ƙas-ƙas, ko kuma zoben ya yi shuɗi-shuɗi saboda zafi, ya gama aiki. Ba a hura masa iskar kwamfireso don ya yi gudu a bushe, domin hakan yana lalata wanda yake da sauran rai. A kuma duba gurbin da yake zama a jikin akwatin. Idan boris yana faɗawa ciki ba tare da matsi ba, gurbin ya buɗe, kuma al'adar nan ta sassara gurbin da kurfi don ya kama ba ta wuce kwanaki.

Lambar da ke jikin zoben ita ce ake kaiwa kasuwa, ba a sayen boris da ƙiyasin ido. Idan lambobi biyun ƙarshe sun kama daga 04 zuwa sama, ana ninka su sau biyar a sami faɗin ramin, saboda haka 6204 raminsa milimita 20 ne, faɗinsa na waje 47, kaurinsa 14, shi kuma 6205 yana da 25 da 52 da 15. Harufan 2RS suna nufin rufin roba a fuska biyu, ZZ kuma rufin ƙarfe. Jabu ya yi yawa a cikin kwalaye masu sunan kamfanonin SKF da NSK da NTN, don haka arha mai yawa abin tuhuma ne.

Wajen sakawa ne guduma take yin ɓarna. Ƙa'idar ita ce ƙarfi ya sauka a kan zoben da ake tura shi kaɗai: na ciki idan a kan sanda ne, na waje idan a cikin gurbi ne. Bugun da ya ratsa ta cikin ƙwallayen yana barin tabon da ido ba ya gani, sai ya fito da ƙara daga baya. Mafi sauƙi shi ne a ɗumama boris a cikin mai, kada zafin ya wuce digiri 110 a ma'aunin Celsius, sai ya zame kan sandar da kansa. Zoben kulle kuma, wanda yake hana boris zamewa daga wurinsa, yana da fuska mai kaifi da fuska mai santsi, kuma mai santsin ita ce take jingina da boris.

Idan giya ta zauna, a riƙe ɗaya a girgiza ɗayar, ya kamata a ji ɗan wasa kaɗan, gwargwadon abin da littafin injin ya faɗa. A giyoyin da suke haɗuwa a kusurwa, a shafa shuɗin fenti a haƙora uku ko huɗu a juya. Tambarin fentin ya fito a tsakiyar haƙori, in ya karkata sai a ƙara ko a rage washa.

Robar tare mai sabuwa ake sakawa, leɓenta mai sifirin yana kallon ciki, a shafa masa giris. A ɗaure notunan murfi a gicciye, a juya sandar da hannu a kowace giya kafin a zuba mai. Yawancin waɗannan akwatuna man giya mai lambar kauri SAE 90 suke sha, sai dai inda akwai giyar tagulla mai ajin GL-4 ya fi dacewa, saboda sinadarin ƙibiritun da ke cikin wasu nau'o'in GL-5 yana cin tagulla idan mai ya yi zafi. A tabbatar ramin shaƙar iska na saman akwatin bai toshe da laka ba, domin idan ya toshe zafi zai tura mai ya fita ta sabuwar robar.