Mako shida ina zargin furotin, ashe gulutamin ne babu

Mako shida na yi ina zura wa layi ɗaya ido a fuskar kwamfuta, ya ƙi sauka. Aikin da aka ba ni a ɗakin gwaje-gwaje bai yi kama da mai wuya ba. Zan ɗauki furotin PII na Chlamydomonas reinhardtii, koriyar gansakukar nan mai ƙwayar halitta ɗaya da 'yan wutsiyoyi biyu, in haɗa shi da enzayim ɗin (furotin mai hanzarta aikin sinadarai) da ake kira NAGK, in nuna yana cire masa takunkumi.

NAGK shi ne mai gadin ƙofar da ake bi a ƙera arjinin, amino asid mai ƙwayar naitirojin huɗu, wanda tsiro ke mayarwa rumbun ajiya. Idan arjinin ya yi yawa, sai ya dawo ya taka wa NAGK birki. PII kuwa yana zaune a cikin kuloroplas, koren ɗakin da ƙwayar ke haɗa abinci da hasken rana, guda uku manne da juna, yana sauraron halin da ƙwayar ke ciki. In ya ji naitirojin ya wadata, sai ya rungumi NAGK, birkin ya saki, a ci gaba da tarawa. Sunan nasa ma ba wata hikima a ciki: tun ƙarshen shekarun 1960, da aka tace furotin na bakteriyar E. coli, shi ne ya fito a tudu na biyu a zanen sakamakon, sunan ya bi shi.

Awon ba shi da wahala. Ana ɗaura aikin NAGK da wasu enzayim biyu masu cinye NADH, wani sinadari mai shan haske, na'ura tana karanta yawan hasken da ruwan ya shanye a nanomita 340. Enzayim na aiki, layi na gangarowa. Na zuba arjinin, layi ya miƙe kamar yadda ya kamata. Na zuba PII, shiru kake ji.

Na fara da zargin furotin ɗin. Sau uku ina sake noma shi a cikin E. coli ina tacewa, kowane karo ya fito tas. Na sauya ATP, makamashin da enzayim ke aiki da shi, na sauya magnesiyam, har na fara zargin hannuna. Ran nan malamina ya tsaya a bayana, ya daɗe yana duba littafin aikina.

“Wannan haɗin ruwan, daga ina ka kwafo shi?”

“Daga aikin da aka yi a kan Arabidopsis ne, Malam. Ai kun ce shi ne tsiron da kowa ke gwaji da shi.”

“Na faɗa. Je ka nemi abin da aka gano a 2014, in ka gama ka same ni.”

A daren na karanta, kunya ta rufe ni. A shekarar, ƙungiyar Karl Forchhammer ta Jami'ar Tübingen a Jamus, da Elena Ermilova ta Saint Petersburg a Rasha, sun nuna cewa PII na wannan gansakuka yana da ɗan ƙarin jela a ƙarshensa, wanda suka kira madaukin Q. Sai gulutamin, wani amino asid, ya zauna a wannan madauki furotin ke samun siffar da zai kama NAGK. Haka abin yake a shinkafa da mafi yawan tsirrai. Arabidopsis da danginsa na su kabeji ne suka fita zakka: amino asid uku sun ɓace daga madaukin nasu, don haka nasu PII yana kama NAGK ko da gulutamin ko babu. Ni kuwa na ɗauko hanyar wanda ya bambanta da kowa na ɗora wa na kowa.

Abin ya yi ma'ana da na zauna na yi tunani. Duk amoniyam ɗin da tsiro ya sha, cikin gulutamin yake fara shiga, to wa ya fi shi sanin ko naitirojin ya iso? E. coli sai ya bi ta wani enzayim na daban ya liƙa wa PII alama kafin saƙon gulutamin ya kai. Tsirrai sun yar da ɗan aike, suna ji da kunnensu.

Washegari na zuba gulutamin. Da kaɗan na fara, layi bai ko motsa ba, gabana ya faɗi. Sai da na kai shi ma'aunin milimola ya karkata ya gangaro, ni kaɗai a ɗakin ina murmushi. Madaukin ba ya riƙe gulutamin da ƙarfi, kuma haka ya dace, domin da yana cafke ɗan kaɗan, kullum zai riƙa shelar an ƙoshi. Na ƙara 2-oksogulutaret, wanda ke taruwa idan kabon ya yi yawa naitirojin ya yi ƙaranci, sai birki ya dawo.

Bayan mako biyu sakamakon ya sake yin rauni. Wannan karon ban taɓa furotin ba, kai tsaye na nufi kwalbar gulutamin, wadda ta kwana biyu a kan tebur. Gulutamin ba ya jure zama cikin ruwa, a hankali yake rushewa yana sakin amoniya. Na haɗa sabo, na raba shi ƙananan kwalabe, na rubuta kwanan wata a kan kowace, na jefa a firiza. Mako mai zuwa zan fara da PII na shinkafa.