Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a jinyar 'yarmu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya bayan la'asar aka sallami 'yarmu mai shekara 9 daga asibiti, bayan kwana 16 tana kwance, mun kuma dawo gida Tudun Wada tana tafiya da ƙafarta.

Godiyata ta farko, bayan Allah, ga likitar yara ce da ta duba ta shekaru uku da suka wuce. Kafin nan mun daɗe muna yawo, wani ya ce asma ce, wani ya ɗora ta a kan maganin tarin fuka, tari bai tsaya ba, yarinya tana ci amma jiki ba ya kamawa. Wannan baiwar Allah ce ta tambayi mahaifiyarta ko tana jin ɗanɗanon gishiri idan ta sumbaci goshin yarinyar, sannan ta tura mu gwajin gumi. Can aka tabbatar da sistik faiburosis, ciwon gado wanda, kamar sikila, sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi yake fitowa, kuma kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Tun 1989 aka gano ƙwayar halittar da ke jawo shi, amma har yau da yawa a nan suna ɗaukarsa ciwon Turawa ne kawai, kuma a ganina wannan zaton ne ya cinye mana shekaru.

Abin da ya kwantar da ita wannan karon ƙurar hunturu ce da mura. Masu wannan ciwo majinarsu kauri gare ta da danƙo, tana toshe ƙananan hanyoyin iska a huhu, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, hanyoyin su kumbura su ƙara tsukewa, har fitar da iska ya fi shaƙarta wuya. Da aka ba ta bututun awo ta hura, iskar da ta fitar a daƙiƙar farko ba ta kai rabin abin da ake sa rai ga mai tsayinta ba. Na ga kafaɗunta suna ɗagawa da kowane numfashi, ba ta iya haɗa kalma uku ba ta tsaya ba.

Ina godiya ga ma'aikatan jinya da suka riƙa tashi tsakar dare don allurar jijiya ta mako biyu, da malamin gashin ƙashi (fisiyo) da ya zauna ya gyara mana yadda ake dunƙule tafi kamar ƙoƙo a bubbuga baya da ƙirji har kaki ya taso, bayan ta shaƙi ruwan gishiri ta na'ura. Gwaggonta ta kwana da ita dare goma. Maƙwabcinmu Alhaji ya ba mu aron janareta saboda na'urar, jama'ar masallacin unguwa kuma suka haɗa kuɗin iskar oksijin ba tare da na buɗe baki ba. Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya ba marasa lafiyarku lafiya.

Masu son zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take, sai dai ina roƙon duk mai mura ko tari ya dakata sai ya warke, a kuma yi mana haƙuri da turaren wuta, domin hayaƙinsa yana sarƙe ta nan take.