Yadda na saba da sabon takalmin siki

A hunturuna na biyu a birnin Girenobul na ƙasar Faransa na gaji da karɓar hayar takalmin siki, wato wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, na ga gara in mallaki nawa. Kusan kowace Asabar nakan hau bas zuwa Shamrus, tsaunin da ke da tazarar kimanin kilomita 30 daga gari, inda aka yi gasar gangarowa a wasannin Olamfik na hunturu na 1968, kuma duk zuwan da na yi sai a miƙo mini takalmin da ƙafafu barkatai suka riga suka buɗa shi. Na je kasuwar gwanjon kayan siki da ake yi kafin shigowar sanyi, na gwada guda uku, na ɗauki wanda ya fi yi mini daɗi. Lambarsa 28, kuma yatsuna suna motsi a cikinsa yadda suka ga dama.

Ban ga laifin wannan zaɓi ba a lokacin, domin haka aka tarbiyyantar da ni. A Damagaram idan za a saya mana takalmin sallah, Inna takan danna gaban takalmin da babban yatsanta, in ba ta ji fili ba ta ce wa mai kaya ya kawo na gaba da shi, saboda yaro girma yake yi. Da wannan ma'auni na shiga kasuwar, ban san cewa takalmin siki ba a yi shi don tafiya ba. Aikinsa shi ne ya kai wa allon zamiya duk wani motsi na ƙafa nan take, kuma duk filin da ya rage tsakanin ƙafa da takalmi jinkiri ne tsakanin abin da mutum ya nufa da abin da allon zai yi.

Fita huɗu na yi da shi kafin farcen babban yatsana na dama ya yi baƙi ƙirin. Da na tube safa a gida na gan shi, sai na ɗauka takalmin ne ya yi mini kaɗan, har na fara tunanin neman lamba 29. Ƙwaurina ma ya yi tsami, ko bargo ya taɓa shi sai na ji. Wani abokin karatuna ɗan yankin, wanda tun yana shekara huɗu yake kan alluna, shi ne ya ce kada in sake sayen komai sai na je wurin mai gyaran takalmin siki, irin waɗanda sana'arsu ke nan su daidaita takalmi da ƙafa.

Mutumin bai fara da takalmi ba. Ya sa na tube safa, na tsaya a kan ma'auni, ya auna tsawo da faɗin kowace ƙafa daban. Ta dama ta ba da santimita 26.4, ta hagu 26, faɗin kuwa ya kai milimita 104. Ya bayyana mini cewa lambar takalmin siki, wadda ake kira mondopoint, tsawon ƙafa ne kawai da santimita, saboda haka lambata 26.5 ce, ba 28 ba. Daga nan ya zare shafin cikin tsohon takalmina, wato takalmi mai laushi da ke cikin ɓawon roba mai tauri, ya ce in zura ƙafata cikin ɓawon tsurarsa, in tura ta gaba har yatsuna su taɓa bango. Ya haska tocila a bayan diddigena, ya zura yatsunsa uku suka shige ba tare da wahala ba. Ya ce filin da ake so a wurin bai kamata ya wuce santimita ɗaya da rabi zuwa biyu ba, nawa kuwa ya haura uku.

A nan na gane abin da ya ci farcena. Tunda diddige ba shi da abin riƙo, duk lokacin da na ji tsoron gangara na jingina baya, sai ƙafar ta sulale gaba ta daki ɓawon, haka ake yi sau ɗaruruwa a yini. Ƙwaurin ma dukan harshen takalmin yake sha, domin akwai rata a tsakaninsu. Ni kuma don in hana ƙafar yawo sai in ƙara matse maɗaurai har ƙarshensu, in tsare jinin da ke bi ta doron ƙafa, in dawo ina kukan sanyi. Asalin matsalata faɗi ne, kasancewar na girma da silifas da takalmin fata buɗaɗɗe, amma sai na nemi faɗin ta hanyar ƙara tsawo.

Ya fito da takalma biyu masu lamba 26.5 da faɗin milimita 102, domin faɗin ma iri-iri ne, daga wajen 97 na masu siririyar ƙafa zuwa 104 na masu faffaɗa. Na zaɓi mai taurin 100, bayan ya gargaɗe ni cewa wannan lamba ta tauri ba ma'auni ɗaya ba ce a wurin dukkan kamfanoni, 100 na wani zai iya zama 90 na wani. Da na sa shi na miƙe tsaye, yatsuna suka tokare gaba, na ce masa lallai wannan ya yi kaɗan. Bai yi gardama ba, ya ce in buga diddige a ƙasa sau biyu, ya ɗaure maɗauran sama, sa'an nan ya ce in lanƙwasa gwiwa in danna ƙwauri a kan harshen takalmin. Ina yin haka sai na ji diddigena ya zauna a gurbinsa, yatsun suka ja baya kaɗan suka rabu da bango. Ya ce a wannan tsayuwar ake siki, saboda haka a cikinta ake yanke wa takalmi hukunci. Ya ɗumama shafin, ya sa mini shimfiɗar tafin ƙafa da aka zuba daidai da siffar ƙafata, na tsaya a ciki wajen minti goma har ya huce.

Duk da haka, kada wani ya zaci daga ranar aka gama. Fitata ta farko da sabon takalmin ta fi duk wadda na taɓa yi wuya. Bayan gangara biyu tafin ƙafata ya ɗauki zafi kamar na taka garwashi, gefen ƙaramin yatsan dama kuma yana zugi. Na zauna a kan benci kusa da inda ake hawa kujerun igiya masu ɗaukar mutane zuwa saman tsauni, na kwance komai, ina kallon yara ƙanana suna wucewa suna dariya, ina lissafin kuɗin da na kashe. Abin da ya hana ni mayar da takalmin shi ne bambancin da mai gyaran ya nanata mini tun a shago, tsakanin matsi da ciwo. Matsin da ya kewaye ƙafa gaba ɗaya, kamar riƙon hannu mai ƙarfi, zai ragu da kansa, domin shafin yana lotsawa bayan wasu kwanaki na amfani. Ciwon da mutum zai iya nunawa da ɗan yatsa a wuri guda kuwa ba ya tafiya da haƙuri, sai an gyara ɓawon.

Zafin tafin ƙafar ya ragu a fita ta uku, ya ɓace a ta biyar. Na gefen yatsa bai motsa ba, ina cire safa nakan tarar da jan tabo kamar girman kwabo a daidai ƙashin. Na koma shagon, mutumin ya shafa ɗan jan baki a kan ƙashin, na zura ƙafa a ɓawon, alamar ta fito a jikin robar. Ya gasa wurin da iska mai zafi, ya sa wani ƙarfe mai dunƙulallen kai ya tura robar waje da 'yan milimitoci, ya bar ta ta huce a haka. A lokacin ne ya faɗi dalilin da ya sa suke fifita ƙaramin takalmi: roba ana iya buɗa ta ko a kankare ta daga ciki, amma babu wata dabara da za ta tsuke ɓawon da ya yi girma, sai dai a yi ta cusa tsumma.

Sauran gyaran daga wurina ya fito, kuma yawancinsa barin halaye ne da nake ganin hikima ce. Ina sa safa biyu masu kauri saboda tsoron sanyi, na koma guda ɗaya siririya ta ulu mai kaiwa gwiwa, abin mamaki kuma ƙafar ta fi ɗumi, tunda jini ya sami hanya. Na daina cusa ƙafar dogon wandon ciki a cikin takalmin, domin ɗinkinsa kaɗai ya isa ya yi wa ƙwauri sawu mai ciwo. Maɗaurai huɗun ma na daina ɗaukarsu abu ɗaya. Biyun sama da ɗamarar da ke bisansu su ne ke riƙe ƙafa, biyun ƙasa kuwa aikinsu rufe takalmi ne kada ƙanƙara ta shiga, in har sai na sa ƙarfi kafin su rufu, to na wuce gona da iri. Da safe nakan fara da sassauci, in ƙara matsewa bayan gangara biyu, kuma a kan kujerar igiya nakan buɗe na ƙasan ƙafar ta huta.

Akwai ranar da na bar takalmin ya kwana a bayan motar abokina. Da safe robar ta sandare kamar itace, na yi ta fama a filin ajiye motoci, gumi yana keto mini a cikin sanyi, kafin ƙafa ɗaya ta shiga. Tun daga ranar yake kwana a ɗaki, in zare shafin ya bushe nesa da hita, in mayar da shi, in rufe maɗauran a sassauce don kada ɓawon ya canza siffa. Sallar azahar ma ta sa na koyi cire shi a cikin gini mai ɗumi, domin wanda ya tube shi a waje ya bar shi minti goma a kan ƙanƙara zai sha wahala kafin ya mayar.

Abu guda ya rage wanda saura kaɗan in manta da shi, sai mai gyaran ya tambaye ni ko na kawo allunana. A gefen diddigen kowane takalmi akwai lamba da aka buga a jikin robar, tsawon tafin takalmin ne da milimita, kuma na sabon ya gaza na tsohon da kusan santimita biyu. Maƙalan da ke riƙe takalmi a kan allo an saita su ne da tsohon tsawon, kuma su ne ya kamata su saki ƙafa idan mutum ya faɗi don kada ƙashin ƙwauri ya karye. Ya matso da su, ya tambayi nauyina da tsayina da shekaruna, ya saita ƙarfin sakin. Baƙin farcen ya faɗi a watan Maris, sabo ya fara tsirowa a ƙarƙashinsa, kuma a fitata ta ƙarshe kafin a rufe Shamrus a watan Afrilu na wuni tun safe har la'asar ban tsaya a bencin nan ba.