Ai kin warke

Laraba, Garwa.

Daren jiya na samu barcin awa 5 a jere, rabona da haka tun kafin azumi. Na tashi da ƙarfina, na dama wa su Ummi kunun gyaɗa da hannuna, Baban Ummi yana ta leƙowa yana cewa in bi a hankali. Wuta ma ba a ɗauke ba sai wajen goma. Na ce yau kam zan je sunan nan na Yelwa.

Mai moton da muka saba ya zo, wanda ya san ya kauce wa ramuka. Matashina a leda.

Na tarar gida ya cika, an baza tabarmi a tsakar gida, manya duk suna ƙasa. Kun san ni da zaman ƙasa tun da aka yi min aikin tiyata a bayana: in na zauna sai mutum biyu sun kama ni kafin in miƙe, kuma daren ranar ba ni ba barci. Na raɗa wa Hadiza ta ɗauko min kujerar roba, na gaida kowa ina rusunawa iyakar inda bayan ya yarda. Ko zama ban gama yi ba Goggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, ba tun bara aka yi aikin ba? Ai kin warke. Ga ki har da ƙiba, tubarkalla. Sauko cikin mutane, ciwo in ana biye masa ba ya tafiya."

Na ce, "To Goggo, da sauƙi, alhamdu lillahi." Na sauko.

Saukowar nan ce ke cina tun ɗazu. Me ya hana ni cewa ba zan iya ba? Goggon nan fa ita ta raka ni. Da ita muka hau mota zuwa Gaundare, muka kwana cikin jirgin ƙasa har Yawunde, ita ta yi sati 3 tana kaiwa da komowa tsakanin asibiti da masaukinmu a Birikiteri da kwanon abinci a hannu. Ta ga lokacin da ƙafafuna ba sa motsi, ta ga robar fitsari. A idonta, wadda aka tura a keken marasa lafiya yau ga ta tana takawa, to me ya rage? Ban ga laifinta ba. Amma da wata bare ce ta faɗa, da tuni na manta.

Ƙibar da ta yaba ma ta magani ce. Pregabalin ɗin da nake sha safe da dare shi ke kumbura min ƙafa, ya sa ni jiri da nauyin jiki, kuma ba a yanke shi rana ɗaya, sai likita ya riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Likitan ya yi min bayani tun a can. Ƙarin da ya fito min a bayana ba mai yaɗuwa ba ne, kuma an cire shi, amma ya daɗe yana danne laka kafin a gano shi, jijiyar da ta sha matsi kuwa a hankali take farfaɗowa, wata ma ba ta komawa yadda take. Shi ya sa farasitamol ba ya taɓa irin wannan ciwon. Wata 14 ke nan. Tabon bayana ya warke sumul, tsawonsa bai fi tafin hannu ba. Abin da bai warke ba yana ciki, inda ba wanda zai leƙa: zafi kamar an zuba barkono daga ƙugu zuwa yatsu, wani lokaci ya fizge ni kamar na taɓa wayar lantarki. Akwai daren da zanen rufa ma in ya gogi cinyata sai na yaye shi.

Na yi kusan awa ɗaya a tabarmar, ina murmushi, ina karɓar jaririya, gumi na bin bayana. Ruwa ban sha ba don tsoron fitsari ya kufce min cikin mutane, a wannan zafin na Garwa. Wata maƙwabciyarsu ta matso ta ce in gwada tramol na wajen masu tebur, wai ƙwaya ɗaya za ta miƙar da ni. Na gode mata kawai. Mun ga yadda ya mai da yaran unguwa.

Da na tashi tafiya Hadiza da Inna suka ɗaga ni. Sai da na kai bakin titi mai moto ya ce, "Hajiya, ina ɗayan takalmin?" Na duba. Ƙafar hagu ba komai, na tako tun daga zaure a kan ƙasar da rana ta gasa, ban ji takalmin ya zame ba, ban ji zafin ƙasar ba. A gida na juya tafin ƙafar, ya yi ja, har ƙaramar ƙaya ta shige kusa da diddige. Ummi ce ta cire min da allura, tana tambayata ko da zafi. Na ce babu, ta ɗago ta kalle ni.

La'asar da magariba a kujera. Isha'i a kwance, ta gefen dama.

Gobe akwai gashi a asibiti ƙarfe 8, ban san ko zan iya hawa moto ba. Baban Ummi ya ce shi zai je ya yi wa Goggo magana, na ce a'a, kada ta ji kamar na kai ƙararta. Na ɗauki waya sau biyu zan kira ta, na ajiye. Ban san ta inda zan fara ba, don in na ce ciwon yana nan, kuka za ta yi.

Ƙarfe ɗaya saura. Fanka ta tsaya, ƙafar ta fara. Hadiza ta turo saƙo wai an ga takalmin a bakin randa, za ta ba yaro ya kawo da safe.