Harafi ɗaya ya sa na sauke shirin da na yi mako uku ina haɗawa

Har yanzu in na tuna kiran wayar nan sai raina ya sosu. Mako uku na yi ina haɗa bidiyon tarihi a kan harin da aka kai a Lyme Bay, kudancin Ingila, cikin daren da aka wayi gari 28 ga Afrilu 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yayin da sojojin Amurka ke atisayen saukar da za su yi a gaɓar Normandi ta Faransa. Na naɗi murya, na jera hotuna, na saki. Tun daga farkon shirin har ƙarshensa cewa nake yi jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus ne suka kai harin. Har hoton irin jirgin na sa a fuskar bidiyon.

Kwana biyu da sakinsa, wani aminin mahaifina, tsohon sojan ruwa, ya kira ni bayan sallar isha'i. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Ɗana, wa ya ce maka jiragen nan nutsewa suke yi?"

Na ce, "Baba, ai haka na karanta, E-boat."

Ya ce in koma in dubi harafin farko da kyau, ya yi mini sai da safe.

Ban yi barci ba sai da na gano. U-boat daban, E-boat daban. Na farkon shi ne mai tafiya ƙarƙashin teku, daga kalmar Jamusanci Unterseeboot. Na biyun kuwa a saman ruwa yake gudu, kuma sunan ma Turawan Ingila ne suka laƙaba masa. Masu shi Schnellboot suke ce masa, wato jirgi mai sauri, ko S-Boot a taƙaice. Tsawonsa kusan mita 35, jikinsa katako, injinan dizal uku, bututu biyu na harba tofido (bam mai gudu a cikin ruwa) a goshinsa, gudunsa ya kai wajen kilomita 80 a awa guda. Ni da idona ya saba da U-boat, sai na ɗauka ƙanensa ne, ban ko bincika ba.

Da kuskuren suna ne kawai, da da sauƙi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ya rusa labarin gaba ɗaya. Na ɓata lokaci ina bayanin yadda jirgi ke laɓewa a ƙasan ruwa yana jiran abin farauta, alhali ba haka aka yi ba. Jirage tara ne suka taso daga Cherbourg a Faransa, suka ratso teku cikin duhu, suka tarar da manyan jiragen dakon soja takwas a jere da ɗan rakiya guda ɗaya tak. Suka nutsar da biyu, LST-507 da LST-531, suka fasa bayan na uku, suka juya gida. Adadin da aka fi ambata shi ne mutum 749 suka mutu. Da yawa ruwan sanyi ne ya ci su, wasu kuma sun ɗaura bel ɗin ceto a ƙugu maimakon ƙarƙashin hammata, nauyin kayansu ya kifa su da ka. Gudun jiragen shi ne zuciyar labarin, ni kuwa shi na cire.

Na sauke bidiyon. Kafin in sake taɓa makirfo, sai na ɗauki littafin rubutu na ware wa kowace ƙasa shafinta, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. A zamanin yaƙin, Ingila tana da MTB, ƙaramin jirgi mai ɗauke da tofido, da MGB, wanda aka cika da bindigogi don ya tari irin waɗancan na Jamus. Amurka tana da PT, mai injina uku masu shan fetur irin na jirgin sama. Shi ya sa da jirgin Japan Amagiri ya datse PT-109 na John F. Kennedy, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, a tsibiran Solomon cikin Agusta 1943, wuta ta kama a saman ruwa. Italiya kuma MAS, kuma da ɗayansu hafsan ruwan Italiya Luigi Rizzo ya nutsar da Szent István, ƙaton jirgin yaƙin daular Austria-Hungary, a Yuni 1918, tun a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A nan ma saura ƙiris in sake faɗawa rami. Na ga Torpedoboot a rubutun Jamus, hannuna har ya fara rubuta shi a layi ɗaya da PT. Na tuna muryar Baba, na tsaya. Ashe a wurin sojan ruwan Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu wannan babban jirgin ƙarfe ne mai ma'aikata sama da ɗari. Duk mai irin aikin nan, don Allah kada ya yarda da kamannin suna. Ka tambayi kanka wa ya raɗa sunan, masu jirgin ko abokan gabarsu, sannan ka nemi hotonsa da tsawonsa kafin ka buɗe baki.

Sai kuma Hausarsa. In na ce kwalekwale, mai sauraro zai hango na fito a Kogin Kwara. In na ce jirgin ruwan yaƙi, zai hango dutse guda a kan teku. Na tsaya a kan "ƙaramin jirgin yaƙi mai gudu", in ambaci sunansa na asali sau ɗaya, in faɗi ƙasar da ta kira shi haka.

Sabon shirin da neman afuwa na buɗe shi, kuma sai da na tura wa Baba ya saurara kafin in saki. Amma wani ya riga ya sauke tsohon a wayarsa. Shekaranjiya aka turo mini shi a wani zauren WhatsApp, da muryata a ciki tana cewa jiragen ƙarƙashin ruwa, mutane na ta sa albarka.