Godiya: an cire wa yarinyar nan waya

Alhamdu lillahi. Jiya aka cire wa 'yar farina wayar haƙori, bayan wata 26. Sai bayan isha'i muka shigo Daura, ko tuwo ban iya ci ba don gajiya, amma na ce ba zan sake kwana ban yi godiya ba.

Ku da kuka bi mu tun farko ba sai na maimaita muku ba. Kun san yadda haƙoran sama suka turo har leɓe ba ya rufuwa, kun san sunan da yaran Islamiyya suka laƙaba mata, da haƙora huɗu na bayan fiƙa da aka cire don sauran su samu wurin komawa. Duk sati shida muna hanyar Kano a ƙara ɗaure waya, in an ɗaure kuwa kwana uku sai kunu da fate. Babu rake, babu aya, babu ƙuli-ƙuli. Babbar Sallah biyu ta yi tana kallon ƙannenta na gwagwiyar ƙashi.

Abin da ba zan manta ba ya faru ne a Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi. Cikin dare bakin wayar ya zame daga baya ya soki kumatunta, na tashi na tarar da jini a matashi, tana kuka ƙasa-ƙasa don kada ta tashi babanta. Na kira ma'aikaciyar jinyar da ke asibitin wajen sha ɗaya da rabi, hannuna na rawa. Baiwar Allah ta ɗauka, ta ce in busar da wurin da auduga, in mulmula kakin da suka ba mu in manna a bakin wayar, da safe mu taho a datse. Da safe kuma ko naira ɗari babu a gidan. Kuɗi na banki, masu POS sun ce babu, turawa ta waya ta ƙi tafiya.

Haka muka je tasha, ni dai ban san me zan ce ba. Wani dattijon direba mai farin gemu ya dubi kumatun yarinyar, ya ce, "Hajiya, ku shiga, ran da kuɗi suka dawo duniya kya ba ni." A Dambatta ya tsaya ya sayo mata fura da 'yan tsoffin kuɗin da ke aljihunsa, wai ya lura tun Kazaure ba ta sa komai a baki ba. Na juya fuska wajen taga don kada fasinjoji su ga hawayena. Baba direba, ko sunanka ban tambaya ba, sau uku na koma tashar ban same ka ba. Allah ya tsare maka hanya, ya kai ka Makka, ya shayar da kai a tafkin Alkausara.

Na san ba a saba ba, amma sai na ambaci abokiyar zamana, Maman Biyu. Ita ta riƙe min ƙanana duk tafiya, da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, adashinta ta ɗauka ta miƙo min ba tare da maigida ya sani ba. Yau dai ya sani. Yaya, Allah ya raya miki naki, ya sa su yi miki fiye da haka. Kawun yara da ya riƙa sauke mu a Kurna, likita da haƙurinta, malamin da ya kwantar min da hankali cewa gyaran abin da ke cutarwa magani ne, ba canza halitta ba, Allah ya saka muku da Aljanna, ya jiƙan magabatanku.

Waɗanda suka ce gayu ne da almubazzaranci, wata 26 ko "ya mai jiki" ba su aiko ba, su ma mun gode. Gida dai bai tashi daga inda suka san shi ba.

Da sauran aiki: an ba ta roba mai kama da haƙoran da za ta riƙa sawa, likita ta ce in aka yi sakaci haƙoran na iya komawa inda suka fito. Ku taya ni da addu'a kada ta yar. Tun a mota take duba madubi, yau kuma da asuba ta aiki ƙaninta sayen rake.